Yadda Na Ɗaura Jakar Ajiya a Bayan Gilashin Babur Ɗina

Tunanin ɗaura jaka a bayan gilashin babur ya zo mini ne a kan hanyar Jos, tsakanin Pambeguwa da Saminaka, bayan an tsayar da ni karo na huɗu a shingen bincike tun da na baro Kaduna. Jami'an ba su nemi komai ba sai takardu, kuma takarduna a cike suke, sai dai suna cikin akwatin gefe na baya, wanda hannu ba ya kai gare shi sai an sauka. Saboda haka a kowane shinge sai in kashe inji, in duba ko ƙasar wurin za ta riƙe jak, in kafe babur, in cire safar hannu, in sauka, in buɗe akwati, in nuna takardu, sannan in mayar da komai inda yake, direbobin da ke bayana kuwa suna ta danna ham. Wanda bai taɓa kafe babur mai nauyin kusan kilo 400 a kan tsakuwar gefen titi ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Kafin in shiga Jos na riga na yanke shawarar cewa takardu da tabarau da 'yan canjin hanya dole su dawo gabana, inda zan iya ɗauko su ina zaune.

Babur ɗin Harley-Davidson ne, samfurin Electra Glide na shekarar 2010, wanda na saya na hannu bayan an shigo da shi daga Amurka. Irin waɗannan babura na dogon zango suna da wata faffaɗar garkuwa ta roba a gaba. Fitila tana tsakiyarta ta waje, agogon gudu da na mai da rediyo suna ta ciki suna fuskantar mai tuƙi, gilashin tare iska kuma yana zaune a samanta. Amurkawa suna kwatanta siffarta da fiffiken jemage, kuma tun 1969 aka fara saka ta a wannan samfurin. Garkuwar ɓari biyu ce, na waje da na ciki, an kifa su kamar akushi da marfinsa, gindin gilashin yana matse a tsakaninsu, sukuru uku kuma sun ratso daga waje sun riƙe shi. Jakar da nake magana a kanta ba ta zo da maɗauri nata na daban ba. A ƙasanta akwai wani siririn harshe na roba mai tauri, mai gurabe uku, wanda ake zurawa tsakanin gilashin da ɓarin ciki, ta yadda sukurun da suka riƙe gilashi su ne za su riƙe ta. Ba a huda komai, ba a liƙa komai, kuma wannan ne ya sa na fifita ta a kan jakar da ake ɗorawa a kan tanki, wadda na taɓa ganin yadda ƙasanta ya goge fentin babur ɗin wani abokin tafiyata.

Kafin in aika a sayo mini ita sai da na tsaya na tantance abu biyu. Na farko shi ne shekarar babur, domin a 2014 an sauya fasalin garkuwar, an buɗe mata wata ƙofar iska a ƙarƙashin gilashi, saboda haka jakunkunan da aka yi wa babura na 1996 zuwa 2013 dabam suke da na 2014 zuwa sama, ko da yake a hoto da wuya mutum ya bambanta su. Na biyu shi ne tsawon gilashin. Wasu babura na wannan gidan suna zuwa da gajeren gilashi wanda bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma idan aka ɗaura masa jaka sai kanta ya leƙo sama da shi, iska ta riƙa dukanta. Na auna nawa da tef ɗin tela, na ga ya kai inci 12, wato akwai isasshen wuri. Wani ɗan'uwa da ke dawowa daga Amurka ne ya taho mini da ita a cikin kayansa, baƙa, mai aljihu uku, na tsakiya ya fi girma, kowane aljihu da marfinsa mai rufewa da maganaɗisu. A cikin ledar akwai wata 'yar takarda mai layi huɗu wadda ta nuna cewa aikin bai wuce a kwance sukuru, a zura jaka, a mayar da sukuru ba. Ni dai ya ci mini yini guda da rabi.

Cikas na farko makulli ne. Kan sukurun ba na sukurudireba ba ne, ba kuma na alanki ba ne, wato makullin nan mai kusurwa shida da aka lanƙwasa kamar harafin L, rami ne mai siffar tauraro mai tsini shida, irin wanda ake kira Torx, lambarsa T27. Ina da jerin irin waɗannan makullai a gida, amma da na buɗe sai na ga daga T25 an tsallake zuwa T30. T30 ya ƙi shiga. T25 kuwa ya shiga, har ma ya kama kamar zai yi aiki, kuma a nan haɗarin yake, domin yana da ɗan wasa a cikin ramin, idan aka matsa masa sai ya riƙa cin haƙoran tauraron har su shafe. Na ajiye shi, na aiki ɗan ƙanwata, wanda yake hutun makaranta a wurina, ya je ya nemo T27 a wajen masu sayar da kayan aikin makanikai. Sai da ya shiga shago uku kafin ya samu.

Watan Janairu ne, hunturu ya kankama, kuma duk abin da aka bari a waje na awa guda sai ƙura ta yi masa fari. Wannan ya sa ban taɓa sukuru ko ɗaya ba sai da na wanke gaban babur ɗin gaba ɗaya. Abin da muke kira gilashi a nan ba gilashi ba ne irin na mota, wata roba ce mai haske da ake kira folikabonet, wadda ba ta fashewa da sauƙi amma tana karcewa da abin da bai taka kara ya karya ba. Ƙurar hunturu kuwa yashi ce mai laushi, idan aka goge ta da busasshen tsumma daidai take da a bi gilashin da samfefa. Shi ya sa nake hana yaran da ke rugowa da tsumma a gidajen mai su taɓa shi, ko da yake na san neman na abinci suke yi, kuma nakan ba su ɗan abin da ya samu don kada su ga kamar wulaƙanci ne. Na zuba ruwa mai ɗumi ya gangara da ƙurar da kansa, sannan na bi da sabulu mai laushi da tsohuwar singileti ta auduga. Fetur, da tina, da ruwan goge tagogi mai amoniya, duk ba sa kusantar wannan roba, domin suna dusar da ita, wani lokaci ma su jawo mata ƙananan tsaga. Bayan ta bushe na tura babur ɗin cikin zaure inda ƙasa siminti ce, na shimfiɗa tawul a kan murfin tayar gaba, na shimfiɗa wani a kan tanki, saboda makulli ko sukuru idan ya kuɓuce a kan fenti yake sauka. Na kuma yanko tef na takarda irin na masu fenti, na manna a jikin gilashin daidai inda ya haɗu da leɓen garkuwa, domin in san tsayin da yake zaune a kai idan na zo mayar da shi.

Na fara da sassauta sukuru biyu na sama da ke ta ciki, kusa da lasifika, ban cire su ba, na dai ba su juyi biyu-biyu domin ɓarin waje ya sami ɗan sarari. Sannan na zagayo gaba. Na dama ya kwance lafiya, na hagu ma haka. Da na zo na tsakiya sai na ji makullin yana lilo a cikin ramin, na haska da fitilar waya, na ga haƙoran tauraron sun kusa ƙarewa. Wani ya riga ni zuwa wurin da makullin da ba nasa ba, ko a can Amurka ko bayan an sauke babur ɗin a nan, kuma bai tsaya nan ba, ya ɗaure shi tamau kamar mai ɗaure taya. Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, bari in kawo filaya mu kama kan mu murɗe." Na ce masa kan sukurun a kwance yake a kan fenti, bakin filaya ba zai kama shi ba sai ya ci fentin da ke kewaye. Abin da na yi shi ne na sa shi ya tsaya ta ciki ya tallafi garkuwar da tafin hannunsa, ni kuma na danna makullin cikin ramin da duk nauyin kafaɗata, na riƙe shi a miƙe sak, sannan na murɗa a hankali ƙwarai, dannawar ta fi murɗawar ƙarfi. A karo na uku ya yi ƙara ƙas, ya motsa. Gabana ya faɗi, domin ban sani ba ko sukurun ne ya saki ko gidan da yake ciki ne ya ɓalle.

Dalilin wannan fargaba shi ne abin da sukurun ke shiga ciki. Ba ƙarfen babur ba ne. Wani ɗan gida ne na tagulla mai zare a cikinsa, wanda aka dasa a cikin robar ɓarin ciki, kuma babu abin da ke riƙe da shi sai robar da ta kewaye shi. Idan aka yi masa ƙarfi fiye da kima sai ya kuɓuce daga robar ya riƙa juyawa tare da sukurun, daga nan kuma ba ɗaurewa ba kwancewa, sai an sauke ɓarin waje gaba ɗaya an yi gyara. Allah Ya taimake ni, gidan yana nan daram, sukurun ne ya fito. Na jera ukun a kan tawul yadda suka fito, sai na lura cewa ba tsawonsu ɗaya ba, na tsakiya ya fi na gefe gajarta. Da a ce na zuba su wuri guda a aljihu, da ba mamaki in mayar da dogo a tsakiya, ya je ya tokari robar ciki.

Babu yadda zan mayar da sukurun da kansa ya riga ya cinye, domin ko ya ɗauru yau, ranar da zan sake kwance shi ba zai fito ba. Na ɗora gilashin a kan katifa, na rufe gaban babur da zani, washegari da safe na nufi tsohuwar kasuwar Panteka da sukurun a aljihu. Mai shago na farko ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya buɗe wani gwangwani ya miƙo mini wanda a ido ba shi da bambanci da nawa, ya ce, "Alhaji, ai siks ne, ga shi nan, ko ɗari kake so akwai." Na nemi ya ba ni notin da ke hawa nasa, na ɗora a kan nawa, ya yi juyi ɗaya da rabi ya cije. Ba laifinsa ba ne, domin kusan duk abin da ke yawo a titunanmu, daga motocin Japan zuwa baburan Indiya da na Sin, da ma'aunin milimita aka ƙera su, kuma a wannan ma'aunin sukurun da ya fi kusa da nawa shi ne mai kaurin milimita 6, wanda tazarar zarensa milimita 1 ce. Nawa kuwa na ma'aunin inci ne, kaurinsa rubu'in inci, wato milimita 6.35, da zare 20 a kowane inci, wato tazarar milimita 1.27. Bambancin ƙanƙane ne, kuma da yake na milimitan ya ɗan fi siranta, zai shiga gidan tagullar ya yi juyi ɗaya ko biyu kamar nasa ne, sannan ya fara yanka sabuwar hanya a cikin tsohuwa. Tagulla ba ta da taurin ƙarfe, ita ce za ta sha kashi. Wannan zaren na rubu'in inci, ga wanda yake son ya gane shi, shi ne irin wanda ke ƙarƙashin kyamarar ɗaukar hoto inda ake ɗaura ta a kan ƙafafunta uku.

An yi ta tura ni daga wannan layi zuwa wancan har na dace da wani dattijo mai sayar da kayan taraktoci da manyan injunan Amurka. Bai ko tambaye ni daga ina sukurun ya fito ba, ya kara shi da wani a tafin hannunsa, zare ya shiga cikin zare ba tare da haske ya ratsa tsakaninsu ba, ya ce, "Wannan na inci ne, ɗana." Wanda ya samo mini mai faɗin kai ne, na ƙarfen da ba ya tsatsa, sai dai bakinsa na alanki ne, kuma ya ɗara nawa tsawo. Na ce, "Baba, ko za a iya rage shi?" Ya sa yaronsa ya fara ɗaura noti a jikinsa, sannan ya yanke abin da ya yi saura da zarto, ya bi bakin da fayil, ya kwance notin ta kan yankan domin ya miƙar da zaren da zarto ya lanƙwasa. Na sa an bar masa ƙarin kimanin milimita 2 a kan tsawon tsohon, saboda kaurin harshen jakar da zai shiga tsakani. Na sayi biyu, da alankin da ya dace da su, wanda shi ma na inci ne.

Bayan azahar muka koma kan aikin. Na zura gilashin a gurbinsa har tef ɗin ya yi daidai da leɓen garkuwa, ɗan ƙanwata ya riƙe shi ta gaba, ni kuma na tsaya ta wajen sirdi na zura harshen jakar a bayansa. Nan ma sai da na yi sau biyu, domin a karon farko na zura shi a gaban gilashin, tsakaninsa da ɓarin waje, jakar ta ƙi kwanciya, ta tsaya a karkace tana kallon sama. Wurinsa na gaskiya shi ne tsakanin gilashi da ɓarin ciki. Da ya zauna sai na leƙa ta ramukan waje da fitila, ina motsa jakar kaɗan-kaɗan har na ga ramin garkuwa, da gurbin gilashi, da gurbin jaka, da bakin gidan tagulla duk sun jeru a layi ɗaya. Na fara da na tsakiya, da yatsu kawai, ba makulli. Dabarar da na koya tuntuni ita ce a fara juya sukuru baya, kamar ana kwance shi, har a ji ya yi ɗan tsalle ya faɗa bakin zaren, sannan a juya shi gaba. Idan ya shiga daidai yatsu biyu sun isa su kai shi juyi huɗu ko biyar ba tare da ya cije ba, idan kuwa ya cije tun a juyi na biyu, to a karkace ya shiga, sai a fito da shi a sake. Na saka na dama da na hagu haka nan, na bar ukun a sake, yadda jakar za ta iya zamewa hagu ko dama.

Sai muka shiga gardamar daidaito. Na ja da baya na duba, na ga jakar ta karkata hagu, na gyara ta, na sake dubawa, na ga kamar yanzu ta fi kyau. Ɗan ƙanwata ne ya ce, "Kawu, ai babur ɗin ne a karkace, ba jakar ba." Gaskiyarsa, domin wannan babur ba shi da jak na tsakiya, a kan na gefe yake jingina, kansa kuma yana faɗawa hagu, saboda haka duk wanda ya daidaita jaka da ido a wannan hali ya daidaita ta ne da bangon zaure. Na hau na miƙar da babur ɗin, na saita kai gaba, sai ga shi gyaran da na yi ne ya karkatar da ita. Na ba shi tef ɗin tela ya auna daga kowane gefen jakar zuwa gefen gilashin, muka matsa ta har lambobin suka zo ɗaya, na kuma tabbatar marfin aljihun tsakiya yana kan layi ɗaya da tsakiyar agogunan biyu.

Ɗaurewa ita ce wurin da na fi taka-tsantsan a duk aikin. Littafin gyaran babur ɗin ya ba da ƙarfin ɗaurin waɗannan sukuru tsakanin inci-fam 25 zuwa 30, wato kimanin Nm 2.8 zuwa 3.4 (inci-fam da Nm duk ma'aunai ne na ƙarfin murɗa sukuru). Ya kamata a kula cewa inci-fam aka ce, ba ƙafa-fam ba, domin ƙafa-fam ɗaya inci-fam 12 ne, kuma wanda ya rikita su zai yi ɗaurin da ya ninka abin da ake bukata sau goma sha biyu. Sifanar auna ɗauri da nake da ita ta manyan notuna ce, ba ta sauko zuwa wannan ƙaramin adadi ba, saboda haka sai na yi lissafi da hannu. Nm 3 daidai yake da a rataya nauyin kilo 3 a ƙarshen makulli mai tsawon santimita 10, wato ba wani ƙarfi ba ne mai yawa. Na zura dogon ɓangaren makullin a cikin sukurun, na riƙe gajeren da babban yatsa da manuni, ta yadda ko na so in yi ƙarfi hannun ba zai ba ni dama ba. Na bi su bi da bi, tsakiya, dama, hagu, rabin juyi kowanne, na sake zagayowa, har na ji kowannensu ya zauna, daga nan na ƙara ɗan kaɗan na tsaya. Sannan na koma ciki na ɗaure biyun da ke kusa da lasifika.

Yaron bai gamsu ba. Ya ce a ganinsa girgizar injin nan za ta kwance su kafin mu kai Kawo, ya kawo shawarar mu ɗiga musu shuɗin gam ɗin nan da makanikai ke sa wa zare don kada noti ya kwance. Shawara ce mai kyau a inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, amma a nan ba ta da wuri, domin irin wannan gam yana cin roba, kuma ɗigo ɗaya idan ya malala ya taɓa folikabonet yana iya sa shi ya tsattsage a kewayen ramin bayan 'yan kwanaki. Na gwammace in riƙa duba su lokaci-lokaci da in sayi sabon gilashi, wanda kafin ya iso Kaduna daga Amurka kuɗin dakonsa kaɗai ya isa ya sa mutum zufa.

Akwai abu ɗaya da takardar nan mai layi huɗu ba ta ambata ba, wanda kuma duk mai zaune a ƙasar ƙura ya kamata ya yi tunaninsa. Bayan jakar yana jingine da gilashin, inji yana girgiza, ƙura kuma ba ta neman izini kafin ta shiga tsakani. Cikin 'yan watanni wurin zai dushe, ya zama kamar an goge shi da toka. Na yanko ƙyallen fulanel mai laushi daidai faɗin bayan jakar, na manna shi a jikin jakar, ba a jikin gilashin ba, da tef mai manne fuska biyu. Ba zai hana ƙura shiga ba, amma ƙwayar yashin za ta nutse a cikin ƙyallen maimakon a riƙa murza ta tsakanin abubuwa biyu masu tauri.

Kafin in tayar da inji na juya kan babur ɗin har ƙarshe ta dama, na juya har ƙarshe ta hagu, babu abin da ya taɓa. Na zauna yadda nake zama a tafiya, da hular kwano a kaina, na ga agoguna da fitilun gargaɗi duk a fili suke. Na buɗe kowane aljihu da safar hannu, na hagu da na tsakiya suna buɗuwa da hannun hagu cikin sauƙi, na dama kuwa sai an miƙa, wanda hakan ya sa na ware shi don abin da ba a bukata sai an tsaya.

Da la'asar na fita gwaji ta hanyar Zariya, na wuce Rigachikun da Mararrabar Jos, na juyo daga Jaji. Jakar ba ta yi motsi ba, marafan ba su buɗe ba, ko lokacin da tirela ta wuce ni iskarta ta bugi garkuwar. Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda ta rufe mini ƙasan gilashin, inda a da nake hango kwaltar da ke 'yan taku kaɗan gaban taya. A buɗaɗɗen titi wannan ba komai ba ne, tun da ido can nesa yake, amma a cikin gari, inda ake kauce wa rami a hankali, sai da na ɗauki kwanaki kafin in saba da karanta ramin tun daga nesa in riƙe wurinsa a kaina. Da na dawo gida na bar injin ya huce, na gwada sukurun uku, na tsakiya ya karɓi kusan rubu'in juyi, saboda harshen jakar ya ɗan lotsa ya zauna, sauran biyun ba su motsa ba.

Game da abin da ake sakawa a ciki, na koyi taƙaitawa. Wannan garkuwa a jikin ƙafafun gaba take, tana juyawa tare da kan babur, ba kamar ta samfurin Road Glide ba wadda ke kafe a jikin firam, saboda haka duk nauyin da aka ɗora mata hannu ne zai ji shi. Ranar da na cusa kwalbar ruwa da ƙaramar filaya da batirin cajin waya a aljihun dama, na ji kan yana ɗan rinjaya a tafiyar hankali, na kwashe su na mayar akwatin baya. Yanzu takardu ne a tsakiya, cikin leda mai zif domin ɗinkin jakar ba zai tare ruwan Agusta ba, tabarau da 'yan canji a hagu, tsumma mai laushi a dama. Waya ba ta zama a ciki idan babur yana tsaye a rana, domin baƙar jaka a bayan gilashi tana ɗaukar zafi sosai, kuma sau ɗaya da na manta da ita na tarar ta kashe kanta saboda zafi. Katin banki ma ba na kai shi kusa da maganaɗisun marafan. Tun da kuma jakar ba ta da kwaɗo, duk inda zan bar babur in shiga masallaci ko gidan abinci, ledar takardun tana tafiya da ni.

Bayan mako shida, da hazo ya fara ja baya, na sake kwance sukurun uku don in ga abin da ke faruwa a bayan jakar. Wannan karon aikin bai kai minti ashirin ba. Ƙyallen ya yi ja da ƙura, na cire shi na manna sabo, gilashin kuwa babu karce a jikinsa sai wani siririn layi a gefen hagu, inda bakin ɗinkin jakar ya ɗan zarce ƙyallen, saboda haka sabon na yanka shi ya fi na farko faɗi da yatsa guda ta kowane gefe. Tsohon sukurun nan mai cinyayyen kai ban yar da shi ba, yana naɗe a tsumma a aljihun dama tare da makullin T27 da alankin inci da ɗayan sabon da na sayo, domin shi ne samfurin da zan nuna wa mai shago idan wani ya ɓace mini a garin da babu Panteka.